Cinikin Motar Alfarma: A Duba Haƙora Kafin A Taya

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wani dattijo ne mai fataucin shanu, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya zo mini da wata takarda ta boko mai shafi da yawa, ya ce in samo masa wanda zai fassara masa ita. Na ce, "Alhaji, takardar mece ce?" Ya ce ta motar da ya karɓo a Kano ce, wata baƙar jif irin ta manya, wadda za a riƙa biya wata-wata. Na ce, "To, ka sa hannu ne ko tukuna?" Ya ce ai tun wata huɗu da suka wuce ya sa, yanzu dai yaron kamfanin ne ya buga masa waya da wata magana da bai gane kanta ba. Na ce, "Nawa ne jimlar kuɗin motar in an gama biya?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, sun dai yi mini ragi mai yawa."

Jama'a, wannan amsa ta ba ni mamaki, domin na san mutumin nan a kasuwa. Ku je Maigatari ranar Alhamis, inda shanu da raƙuma da tumaki da dawakai ke shigowa daga Nijar da ƙasashen da ke bayanta, ku ga yadda yake sayen sa guda. Sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora don ya san shekarunsa, ya latsa tozo, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, ya tambayi dillali mai shi da garin da ya fito, kana ya taya. In an ce albarka ya juya kamar zai tafi, in an sallama ya ƙidaya kuɗi a gaban shaidu. Ba a taɓa jin ya ce da dillali, "Nawa zan riƙa ba ka a wata?" Amma ga shi a cinikin abin da ya fi kuɗin garke guda, ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, don an shigar da shi ofis mai sanyi, an kawo masa lemo, an ce an rage masa. Abin da nake so in faɗa a wannan fili ke nan: ilmin ciniki da muka gada a cikin kara ya isa sayen kowace irin mota, muddin ba mu tuɓe shi tare da takalma a bakin ƙofar kamfani ba.

Mu fara da ragi. Sunan da Turawa ke kiran mai sayar da motoci ya faɗo bakinmu ya zama dila, ya yi daidai da sunan malamin daji. Ba zagi nake yi ba, domin a cikinsu akwai mutanen kirki masu tsoron Allah, kuma neman riba sana'arsu ce kamar yadda take sana'ar kowane ɗan kasuwa. Sai dai mu tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin da dila ya fara faɗa, shi ya yanka shi da bakinsa, ya kuma bar wa ragi wuri a ciki tun kafin ka yi sallama. Ragi daga kuɗin da mai kaya ya ɗora da kansa ba ya nuna an yi maka araha. Abin da zai nuna shi ne ka san nawa ake sayar da irin wannan mota, mai irin waɗannan shekaru da irin wannan lafiya, kuɗi hannu, a wuri uku ko huɗu, a Kano da Kaduna da Abuja.

Ga misali, don lissafi ya fito fili. Dila ya ce motarsa naira miliyan 60 ce, amma don girmanka ya rage miliyan 3, ta koma 57. Ka ba da miliyan 17 nan take, saura 40. Ya ce wannan saura ka biya miliyan 2 da rabi kowane wata har wata 24. Kunnenka ya ji miliyan 2 da rabi, ka auna da cinikin Alhamis biyu ko uku, ka ga abin da sauƙi. To, ninka shi sau 24, ya zama miliyan 60. Haɗa da 17 da ka fara bayarwa, jimla miliyan 77. Watau an rage maka 3 a ƙofar gaba, an karɓi 20 ta ƙofar baya, ban da kuɗin inshora da na rubuta takarda da na na'urar bin sawun mota, waɗanda sau da yawa ake ɗora wa mai saye. Saboda haka tambayar farko a wurin dila ita ce kuɗin mota lakadan. Sai an gama wannan ciniki an tsayar da shi, kana a buɗe maganar ajali. Wanda ya bari aka cuɗa masa maganganun biyu wuri ɗaya, an riga an ci shi.

A nan malamai za su ce, shin ƙarin nan na ajali halal ne? Abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne, ya halatta a sayar da kaya da ajali a kan kuɗin da ya fi na hannu, da sharaɗin a tsaya a kan kuɗi ɗaya sananne da ajali sananne kafin a rabu. Abin da aka hana shi ne ciniki biyu cikin ciniki ɗaya, watau cinikin ya ƙullu alhali ba a yanke ba ko na hannu ne ko na ajali. Haka kuma in an rubuta cewa duk watan da ka makara za a ƙara maka kaza bisa ɗari na bashin, ya shiga aljihun mai mota, wannan kuɗin ruwa ne tsantsa, irin wanda aka saukar da hani a kansa, ko da an sa masa suna tara ko kuɗin hidima. Kafin alƙalami ma yana da hukunci. A mazhabarmu ta Malikiyya, ba ya halatta a ƙulla cewa in mai saye ya fasa, abin da ya ajiye ya zama na mai kaya, ko da yake Hambaliyya sun yarda da shi. Wanda zai ajiye miliyoyi, lalle ya san a kan wane sharaɗi ya ajiye su.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi: takardar nan ta saye ce ko ta haya? A Amurka da Ingila masu hawan Mercedes da BMW da Lexus da yawa ba sayensu suke yi ba. Haya suke ɗauka ta shekara biyu ko uku, su biya gwargwadon abin da darajar motar za ta faɗi a cikin wannan lokaci da ribar kamfani, a yanka musu iyakar mil da za su yi a shekara, kamar 10,000 ko 12,000, wanda ya wuce ya biya a kan kowane mil, ranar da wa'adi ya cika su mai da mota ga mai ita. Wannan haya ce sananna, kowa ya san matsayinsa. Abin da ya fi yawa a wurinmu kuwa shi ne hayar da ake cewa za ta ƙare da mallaka, kuma a nan ne ruwa ke cin mutane. Sau da yawa mai rubuta takarda yakan kira ta haya a shafin da ya dace da shi, don ya iya ƙwace mota in an makara, ya kira ta saye a wani shafin, don in inji ya buga ko wuta ta ci, hasara ta hau kanka.

Almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san bambancin. Wanda ya yi hayar raƙumi daga Gumel zuwa Damagaram amintacce ne, in raƙumin ya mutu a hanya ba da sakacinsa ba, mai raƙumi ya yi hasara, kuma kuɗin sauran tafiya ya faɗi. Wanda ya sayi raƙumi da ajali kuwa, raƙumi nasa ne, in ya mutu shi ya yi hasara, bashi kuma yana nan, amma mai bin bashi ba shi da ikon ya kama raƙumin ya haɗa da abin da aka riga aka biya ya cinye. Mota ba ta sake wannan hukunci ba don tana da ƙafar roba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, wadda mazauninta ke Jidda, ta zauna a Riyad a shekarar 2000 a kan wannan mas'ala, ta hana a ɗora haya da saye a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya, ta yarda da su in an raba: a yi haya ta gaskiya, lamunin kaya da babban gyara suna wuyan mai shi, sa'an nan saye ko kyauta ya zo da tasa yarjejeniya dabam. Bankunan da ba su ta'ammali da kuɗin ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus a 2021, suna da hanyar murabaha da ta ijara, kuma kowannensu yana da kwamitin malamai masu duba ayyukansa. Duk da haka suna na Larabci a saman takarda ba ya ɗauke wa mutum karatun abin da ke ƙasa. A murabaha tilas mai sayarwa ya mallaki motar tukuna, ya faɗa maka nawa ya saya da nawa ya ɗora. Ka tambaya, haƙƙinka ne.

Dokar ƙasa ma ba ta bar mai saye a sake ba, sai dai yawancinmu ba mu san ta ba. Tun 1965 aka yi dokar hayar da ke ƙarewa da mallaka. Ta wajabta a bayyana wa mai karɓa kuɗin kaya na hannu a rubuce kafin a ƙulla, a kuma rubuta yarjejeniya da jimlar abin da za a biya. Ta ce in an biya kashi 3 cikin 5 na jimlar kuɗin mota, mai ita ba shi da ikon ƙwace ta ya mallake sai ta hanyar kotu, ko da yake an bar masa ƙofar ya ajiye ta a hannunsa kafin shari'a in biya uku suka taru ba a yi ba. A misalinmu na sama, kashi 3 cikin 5 na miliyan 77 shi ne miliyan 46 da dubu 200, kuma mai saye zai kai wannan matsayi a biyan wata na 12. Kafin nan fa a bakin rijiya yake tsaye. Duk wanda zai shiga wannan ciniki, ya ba lauya ladansa ya karanta masa takarda kafin sa hannu, don ladan lauya bai kai kuɗin taya ɗaya na irin motar nan ba.

Sai maganar dillali. A kara kowa ya san la'ada, an san mai bayarwa, an san dillalin da zai tsaya in dabba ta zama ta sata. A cinikin mota kuwa, sau da yawa yaron da ya raka ka daga gida, yana ce maka Baba, yana taya ka neman ragi, ya riga ya yi magana da dila ta waya, ya ɗora nasa a kan kuɗin. Kai kana tsammani ɗan rakiyarka ne, alhali a bakin mai kaya yake cin abinci. Magani shi ne a yanka masa la'ada a fili tun daga gida, a kuma tambayi dila a gabansa ko akwai wani abu da zai ba shi. Akwai kuma dabarar nan ta a ce wani Alhaji daga Abuja ya taya sama da naka, gobe zai aiko direba. In babu wannan Alhaji, to, wannan ɗan'uwan najashu ne da shari'a ta hana, watau ƙirƙiro mai taya na ƙarya don a zuga mai saye na gaskiya. Amsar da ake ba mai wannan magana ita ce wadda muka saba da ita a Maigatari: Allah ya ba mai rabo sa'a, ka kama hanya. Motar da ta ƙi jiranka kwana biyu, akwai 'yar'uwarta a layi na gaba.

Daɗa mota ma tana da haƙora. Haƙorinta na farko takardar kwastan. Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin yadda doka ke juyawa. Daga 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakoki, sai a Disamba 2020 aka buɗe Maigatari tare da Illela da Seme da Mfun. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Motar da aka ce maka 'yar Kwatano ce mai araha ƙwarai, ta yiwu arahar ta fito ne daga kuɗin fito da ba a biya ba, ranar da ma'aikatan kwastan suka tsayar da kai a hanya, kai ne za ka sauka ka nemi motar haya. A kai lambar takarda ofishin kwastan a tabbatar kafin a ba da ko kwabo. Haƙori na biyu lambar shasi, mai harafi da lamba 17, wadda da ita ake binciko tarihin motar da ta fito daga Amurka, a ga ko ta yi haɗari, ko ambaliya ta shanye ta aka yi gwanjonta, ko an mai da agogon tafiyarta baya. Na uku bakanike naka, wanda ba ya cin abinci a garejin dila, ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta. Sayen mota daga hoton waya cinikin biri a sama ne.

Kuma a auna ta da ƙasarmu. Da zarar an sauka daga kwalta a shiga ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, yashi ne da jigawa, da rani ƙura, da damina kwari. Motar da aka ƙera don titunan Jamus, mai ciki a ƙasa da na'urori birjik, in ta yi tari sai an ɗora ta a bayan wata motar zuwa Kano, kayan gyaranta in ba a samu a Ƙofar Ruwa ba sai an aika Ikko ko Dubai, da dala. Dalar kuwa kun gani da idonku: a kasuwar gwamnati tana wajen naira 460 a watan Mayu 2023, ta haura 1,500 a Fabrairu 2024, bayan an janye tallafin mai tun 29 ga Mayu 2023. Saboda haka a duba ko takarda ta ɗaure biyan wata da dala, ko ta ba kamfani ikon sake lissafi in kasuwa ta motsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ya kamata ya san yawan hudojinta.

Ragi na gaskiya yana samuwa, sai dai yana da lokaci da dalili, kamar yadda rago ke faɗuwa bayan Layya. Dila yakan sauko in mota ta daɗe a filinsa kuɗinsa ya kwanta, ko sabon yayi ya fito ya tsofar da na bara, ko ƙarshen shekara ya zo yana neman cika lissafi, ko ya ga kuɗi hannu da mai saye wanda ba ya rawar jiki. Abin da baki ya kasa ragewa a kuɗi, a neme shi ta gyara, kamar yadda mai awo ke ƙara maka tafi ɗaya a kan mudu: rajista da lamba, sababbin tayoyi, juyen mai na shekara, lamunin inji da giya na watanni sanannu. Duk abin da aka yi alkawari a sa shi a takarda, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Na san wani attajiri zai ce, "Malam, ku dai ba ku son ganin mutum a abin hawa mai kyau, alhali ɗan kasuwa da kwarjini yake samun amana." Ba haka ba ne. Kakanninmu sun hau dawakai na ƙwarai, kuma har yau hawan Sallah a Gumel shaida ne. Imamu Malik kansa an san shi da tufafi masu kyau. Wanda Allah ya yalwata wa, ya sayi abin da yake so daga rarar ribarsa, Allah ya sa alheri. Maganata tana kan wanda zai yanki uwar kuɗi, ko ya jinginar da cinikin shekara biyu da bai zo ba. Saniya tana haihuwa, riɗi da zoɓo da aka ajiye a sito sukan tashi, dukiyar kasuwa kuma duk shekara tana fid da ɗaya bisa 40 ga mabukata. Motar hawa kuwa ba ta haihuwa, ba ta fid da zakka, tana ci kullum, tana tsufa ko a hau ko a ajiye. In iyaka ta rufe wata shida kamar yadda muka gani, shanu ba su shigo ba, biyan wata ba ya jin wannan uzuri. Kwarjinin da ke kan motar da za a iya zuwa a ɗauke a ƙofar masallacin Juma'a, kayan aro ne, ba ya rufe katara.

Shi dattijon da na fara da labarinsa, da aka fassara masa takarda, ya tarar motar ba ta zama tasa ba sai ya biya na ƙarshe, kuma gyara duk a wuyansa yake. Ya sayar da bijimai ya cike gurbin da ya makara, yana nan yana biya, Allah ya fid da shi. Ya ce in rubuta don waɗansu su ji.

Ina roƙon malamanmu na zaure da na masallatai, in sun zo babin ciniki da ijara, su riƙa kawo misalin mota da banki tare da misalin raƙumi da gona, don 'yan kasuwa su gane hukuncin yana magana da su ne yau. Ina kuma roƙon attajirai, kafin ku tafi wurin dila, ku rubuta tambayoyi huɗu ku sa a aljihu: nawa ce kuɗi hannu, nawa ne jimla in an gama biya, ta wa ce motar kafin a gama, me kuma zai faru ranar da na makara. Dilan da ya amsa su a rubuce, ku yi ciniki da shi. Wanda ya ce a bari sai an sa hannu, ku ce masa albarka.

Allah ya tsare mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai kyau.